Fosfat 0.35 a tankin murjani: da me za a rage shi, kuma har zuwa ina?

Abdu Yantala:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tankin ruwan gishiri ne mai lita 300, da ƙaramin tanki a ƙasa mai lita 60. Murjani masu laushi sun fi yawa, sai masu ƙashi, Montipora biyu da Acropora ɗaya, kifi shida. Awon jiya: fosfat 0.35, nitrat 15, KH (ma'aunin karbonat na ruwa) 9.5, kalsiyom 410, maganiziyom 1,260, gishiri 1.025, zafi yana kai digiri 28 da la'asar. Gansakuka mai gashi ta rufe duwatsun baya, gilashi kuma kwana biyu ya yi kore. Ga GFO, wato ƙwayoyin tsatsar ƙarfe masu shan fosfat, kilo ɗaya a hannu. Nufina in cika kwalbar da ruwan tanki ke ratsawa da shi, in mayar da fosfat sifili kafin zafin Afrilu ya shigo. Ko akwai gyara?

Injiniya Salisu:
Wa alaikumus salam. Malam Abdu, ajiye GFO ɗin nan tukuna. Saurin bai yi ba, sifilin ma bai yi ba, kuma zan dawo kan duka biyun. Amma da fari, da me ka auna? Kayan awo na ɗigo da ake gwada launinsu da kati, irin Salifert, suna aiki sosai ga KH da kalsiyom da maganiziyom, amma idan fosfat ya yi ƙasa da 0.1 ido ba ya iya raba shuɗin da ke kan katin. Idan na'urar awo ta Hanna ce, duba lambarta. HI774 tana ba da fosfat kai tsaye a ppm, wato miligiram a lita. HI736 kuwa fosfor take aunawa a ppb, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na ppm, sai ka ninka da 3.066 ka raba da 1,000 kafin ka samu fosfat.

Kwalbar awon ma tana yin ƙarya idan ba a kula da ita ba. A goge ta da tsumma mai laushi don zanen yatsa yana tare haske, a sa ta cikin na'urar ta fuska ɗaya a karo na farko da na biyu, a juye garin awon da ke cikin sashe ɗin, wato ƙaramin ƙunshin, duka har wanda ya maƙale a kusurwa, a kaɗa a hankali na minti biyu ba tare da kumfa ba. Da an gama a ɗauraye ta nan take, domin shuɗin yana kama gilashi, gobe ya ƙara maka lamba. Sashe ɗin kuma kada ya kwana a mota ko gaban taga.

Abdu Yantala:
HI736 ce, Injiniya. Ta ba da 114, na sake ta ba da 112.

Injiniya Salisu:
To lissafinka daidai ne, 0.35 ɗin gaskiya ne. Kuma ka sani abin da ke shiga tankin ya fi wannan, tunda gansakukar tana shan nata kason kafin ka auna.

Hajiya Zainabu:
Kafin a yi maganar cirewa, a nemo ƙofar da yake shigowa. Mafi yawansa ta abinci ne. Duba bayan robar busasshen abincin kifi, yawanci za ka ga fosfor wajen kashi 1 cikin 100. Ke nan giram ɗaya yana ɗauke da miligiram 10 na fosfor, wato kusan miligiram 30 na fosfat. Zuba shi cikin lita 300, ya zama 0.1 ppm. A rana guda fa. Kifi yana riƙe kaɗan ya gina jiki, sauran ya fito cikin ruwa. Don haka abin da zan fara saya ba magani ba ne, ƙaramin sikeli ne mai auna 0.01 na giram. Kifi shida matsakaita ba sa bukatar giram ɗaya cur kullum. A raba abincin kashi biyu ko uku, kowane kashi ya ƙare cikin minti ɗaya zuwa biyu, a kashe famfon da ke mayar da ruwa lokacin ci don kada abincin ya gangara ƙasa ya ruɓe cikin soso.

Wanke daskararren abinci da mutane ke ta yi yana cire kaɗan ne ƙwarai, fosfor ɗin yana cikin naman kansa.

Sai ƙura. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga gabas tana ɗauke da fosfor da ƙarfe. Ita ce wadda ke tashi daga kwarin Bodele a Cadi ta tsallaka teku har ta zama taki ga dajin Amazon. Tankin da yake buɗe a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga daga Disamba zuwa Fabrairu yana cin wannan takin. Bokitin ruwan ƙari, wato na cike abin da ya ƙafe, da na ruwan canji su ma a rufe su.

Malam Ila Tawa:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai a tankin da ya kai 0.35 ni dutse nake fara tuhuma. Malam Abdu, duwatsunka daga ina suke? Ina tambaya ne don a nan Adar muna da farin dutse mai yawa, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza, kuma wani zai ga shi da ramuka ya ce ai wannan ya yi kama da dutsen teku. Asalinsa kam na teku ne, amma a cikin shimfiɗun ƙasar nan ne ake samun fosfat ɗin Tawa da aka sani a matsayin takin gona. Dutsen da aka tsinto daga dabagi ba ya shiga tankin murjani sai an jiƙa shi a ruwan gishiri mai tsabta, an auna ruwan bayan mako guda.

Ko dutsen da aka sayo daga waje ne, ka'idar ɗaya ce. Fosfat yana mannewa a jikin duk abin da aka yi da kalsiyom karbonat, dutse da yashi duka. Idan ruwa ya yi yawan fosfat dutse ya sha, idan ruwa ya ragu dutse ya sako. Kamar randar ƙasa ce da aka taɓa zuba manja, ko an wanke ta sai ta ci gaba da fitar da shi. Abin da ke jikin dutsen yana iya ninka na cikin ruwa sau da yawa. Shi ya sa mutum zai canja ruwa kashi 20 cikin 100, lamba ta sauka daga 0.35 zuwa 0.28, bayan kwana biyu ta koma 0.33. Ba na'urar ce ta lalace ba.

Abdu Yantala:
Busasshen dutse ne na sayarwa, ba na gida ba, amma ba a jiƙa shi ba kafin a sa. Ruwan kuma na na'urar tace ruwa ta osmoz ne, TDS (jimillar abin da ya narke a ruwa) bayan rezin, wato matatar ƙarshe, yana nuna 4.

Injiniya Salisu:
Huɗun nan ba ƙarami ba ne. Bayan rezin sifili ake nema, idan ya kai 1 an canja. Dalili shi ne idan rezin ya cika, abubuwan da bai riƙe da ƙarfi ba su yake fara saki, irin su silikat, kuma fosfat ma yana iya biyo su. Sai ruwan da ke fitowa ya zama ya fi yadda lambar take nunawa muni. Auna fosfat ɗin ruwan osmoz ɗin kansa, da na sabon ruwan gishiri kafin ka zuba.

Ga yadda za a bi na'urar. A auna TDS na pompo, a auna na bayan fatar tacewa kafin rezin. Fata mai lafiya tana tare kashi 96 zuwa 98 cikin 100. Tana son matsin ruwa na bar 3.5 zuwa 4, idan bai kai ba a sa ƙaramin famfon ƙara matsi, in ba haka ba rezin ne zai riƙa ɗaukar nauyin ya ƙare da wuri. Duk lokacin da aka kunna ta, a zubar da ruwan minti biyu ko uku na farko kafin a bi da shi ta rezin, domin ruwan da ya kwana cikin fata TDS ɗinsa yana hawa. Ruwan Yamai daga kogi yake, ana tace shi ana sa masa kulor, don haka matatar gawayi ta zama mai rai kullum, kulor yana cinye fatar. Da damina idan kogi ya yi ja, a riƙa leƙa matatar farko, da ta yi launin ƙasa a canja. Kuma kada a haɗa na'urar da bututun da rana ke duka ko tankin saman rufi da tsakar rana. Ruwa mai zafi yana wucewa da sauri amma tacewar tana raguwa. Da asuba ko da dare ya fi.

Yanzu GFO. Tunda yana hannu, a yi aiki da shi, amma da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a robar. Ga lita 300, cokali babba huɗu zuwa biyar sun isa farawa. A wanke shi da ruwan osmoz har jan ya daina fita. A cikin kwalbar, ruwa ya riƙa motsa saman ƙwayoyin kaɗan kawai. Idan suna birgima suna gugar juna za su zama gari, garin ya bazu cikin tanki ya sauka kan murjani. A auna ruwan tanki bayan kwana biyu-biyu, a auna wanda ke fitowa daga kwalbar shi ma. Ranar da lambobin biyu suka zo ɗaya, GFO ya ƙoshi, a zuba sabo. A 0.35 zai iya ƙoshi cikin mako guda, kada hakan ya ba ka mamaki. Saukar kada ta wuce 0.02 zuwa 0.03 a rana. Idan ta yi sauri, Acropora ce ke fara nunawa: nama ya fara saɓulewa daga gindi ya bar farin ƙashi. A sa ido kan KH ma, GFO yana ɗan jan shi ƙasa.

Malam Ila Tawa:
Ni a nan na bambanta da Injiniya kaɗan. GFO yana da nauyi, kuma duk wanda ya san abin da ake biya kafin kilo ɗaya ya iso Nijar ya san dutsen da ya sha fosfat zai cinye kilo ɗin nan bai ƙoshi ba. Lantanom kulorid ƙaramar kwalba ce, tana aikin kilo da yawa. Yana haɗuwa da fosfat nan take su zama farin gari wanda ba ya narkewa. A sirka abin da za a ba tankin na rana cikin lita ɗaya ta ruwan osmoz, a riƙa ɗiga shi a hankali na awanni cikin safar tacewa mai maikuron 5, a cire safar a wanke.

Hajiya Zainabu:
Malam Ila, maganar kuɗi gaskiya ce, amma ban yarda a fara da shi a tankin da ke da kifi ba. Farin garin nan idan ya kuɓuce wa safa yana shiga wurin da kifi yake numfashi da shi, kuma an sha ganin kifayen Zebrasoma suna haki har su mutu bayan an zuba shi. Ƙarfinsa ma ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuskuren mililita biyu ya isa ya faɗar da fosfat cikin awa guda. Inda lantanom ya dace shi ne a wajen tanki: a ɗebo dutsen da ba shi da murjani, kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, a sa shi a baho da ruwan gishiri da famfo, cikin duhu. Duhun zai kashe gansakukar, lantanom ya kama abin da dutsen ke saki. A riƙa aunawa, idan an daina zuba maganin kwana uku lambar ba ta wuce 0.05 ba, a ɗauraye a mayar.

Malam Ila Tawa:
Na yarda da baho. A cikin tanki kuwa, ga wanda ya saba, a tsaya da lantanom da an kai 0.15, a bar GFO ya ƙarasa. Ban janye ba dai cewa kilo ɗaya ba zai isa ba idan ba a taɓa dutsen ba.

Nura Gamkalle:
Manya, ina da tambaya. Me ya sa ba a son sifili? Ai a tekun da murjani ke rayuwa fosfat kaɗan ne ƙwarai. Kuma na ji ana cewa a bi ma'aunin Redfield, 16 da 1.

Injiniya Salisu:
Tambaya mai kyau, ƙanena, kuma ita ce zuciyar maganar ga mu da ke wannan gari. A teku lambar tana ƙasa, amma ruwan ba ya tsayawa, kuma dare da rana murjani yana kama ƙananan halittu yana ci. Cikin akwatin gilashi babu wannan. Idan na'ura ta nuna 0.00, murjani yunwa yake ji. A cikin namansa akwai ƙwayoyin gansakuka masu rai da ke yi masa abinci da haske, su ne kuma ke ba shi launi. Binciken da Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa na jami'ar Southampton suka fitar a 2013 ya nuna cewa idan nitrojin ya yi yawa, fosfat kuma ya yi ƙaranci, waɗannan ƙwayoyin suna rauni, murjani ya fi saurin yin fari idan zafi da haske suka ƙaru. Dubi tankin Malam Abdu: nitrat 15, zafi 28 tun yanzu, Afrilu da Mayu suna tafe lokacin da waje ke wuce digiri 40. Idan ya mayar da fosfat sifili, ya haɗa sharuɗɗan nan uku da hannunsa. Murjani mai 0.2 da ya yi ɗan launin ƙasa yana tsallake bazara, wanda aka yunwatar ba tabbas.

Na biyu, idan fosfat ya ƙare, gansakuka da bakteriya masu amfani suna ja baya, sai dino ya samu fili: majina mai ruwan ƙasa da kumfa a jikinta, tana yawa da rana ta ragu da dare, wasu irinta da guba da ke kashe dodon koɗi. Gansakuka mai gashi ana cire ta da hannu da buroshi. Dino kan ɗauki watanni.

Abin nema shi ne 0.05 zuwa 0.1, da nitrat 5 zuwa 10. HI774 kanta tana iya kuskuren 0.02, don haka wanda ke ganin 0.02 mai yiwuwa sifili yake.

Redfield kuwa, abin da ya auna a 1934 shi ne rabon nitrojin da fosfor a jikin ƙananan halittun teku da ruwan zurfi, kuma ƙidayar atom ce. Idan aka juya ta zuwa ppm na nitrat da fosfat, kusan 10 da 1 take zama. Ba doka ce ta tanki ba. Wanda ya bi ta a nitrat 10 zai kai fosfat 1 ppm, wannan kuwa ya yi yawa ƙwarai, har yana rage saurin ginin ƙashin murjani.

Nura Gamkalle:
Na gode. To binegar fa, da ake cewa yana rage su duka?

Hajiya Zainabu:
Yana yi, amma ya fi cin nitrat nesa ba kusa ba. Abinci ne ga bakteriya, su yawaita su sha nitrat da ɗan fosfat, na'urar kumfa mai fitar da datti ta kwashe su. Babu na'urar kumfa mai ƙarfi, kada a fara. Farin binegar mai kashi 5, mililita 3 ga kowace lita 100 a rana, da rana lokacin da fitila ke kunne, a ƙara kaɗan bayan mako idan nitrat bai motsa ba. A duba kwalbar, da yawa daga na kantunanmu kashi 8 ne, sai a rage. Abin da ke sa ni jinkiri da shi a nan shi ne ɗauke wuta. Bakteriyar nan iskar oksijin suke sha, ruwa mai ɗumi kuma dama oksijin ɗinsa kaɗan ne. Famfo ya tsaya awa biyu da dare a digiri 29, kifi ne za su biya. Wanda ba shi da batir da ke riƙe famfon motsa ruwa ko ɗaya, ya bar binegar.

Ciyawar Chaetomorpha a tankin ƙasa ta fi kwanciyar hankali. Fitilarta ta kunnu da dare lokacin da ta sama ke kashe, hakan yana riƙe pH, ma'aunin tsamin ruwa, kada ya faɗi da asuba. A riƙa yanke kashi ɗaya cikin uku ana zubarwa, don abin da aka zubar shi ne fosfat ɗin da ya fita. Sai dai idan aka haɗa ta da GFO mai yawa, yunwa za ta kashe ta, ta ruɓe ta mayar da abin da ta sha.

Abdu Yantala:
Allah ya saka da alheri. KH ɗin fa, 9.5 ya yi? Wani ya ce kanwa tana iya tsayawa a madadin garin KH.

Malam Ila Tawa:
Kanwa kada ta kusanci tankin. Gaskiya ne akwai sodiyom karbonat a cikinta, amma tare da ƙasa da gishiri da wasu ma'adinai da ba wanda ya san yawansu, kuma kowane dunƙule da irin nasa. Haka gishirin Bilma ko na girki ba ya zama ruwan teku. Bikarbonat na farmasi ko na kek mai tsabta, wanda ba a gauraya shi da komai ba, shi ne madadin: giram 3 cikin lita 100 yana ɗaga KH da 1. A narka shi a ruwan osmoz, kada a wuce 1 a rana. Kalsiyom kulorid mai ruwa biyu, giram 3.7 cikin lita 100 yana ƙara 10 ppm. Maganiziyom kulorid mai ruwa shida, giram 8.4 ga 10 ppm. Kada a zuba na KH da na kalsiyom wuri ɗaya lokaci ɗaya, za su zama farin alli. Murjani yana cin kusan 7 ppm na kalsiyom ga kowane KH 1, shi ya sa KH ne ake aunawa sau biyu a mako, kalsiyom ya isa bayan mako biyu.

9.5 ba laifi yanzu da fosfat ke sama. Yayin da yake sauka, a bar KH ya gangaro da kansa zuwa 8 ko 8.5. KH mai yawa da abinci kaɗan shi ke ƙona kan rassan Acropora, ƙashi ya riga nama girma. Maganiziyom a ɗaga shi zuwa 1,300.

Injiniya Salisu:
Ƙari ɗaya kan ruwan kalk, don na san za a zo kansa. Kalsiyom haidroksid ne mai tsabta, ba farar ƙasar fenti ba, kusan giram 1.5 a lita. Yana ba da KH da kalsiyom tare, yana ɗaga pH, yana kuma kama ɗan fosfat. Littattafan Turai suna cewa a yi duk ruwan ƙari da shi. A Yamai wannan haɗari ne. Lita ɗaya ta ƙosasshen kalk tana ɗauke da KH kusan 110. Tankin lita 300 da fanka ke hura samansa idan ya rasa lita 6 a rana, an zuba masa KH sama da 2 ke nan, alhali tanki mai yawan murjani masu laushi ba ya cin haka. A auna abin da tankin ke ci a rana, a ba shi kalk daidai wannan da famfon awo, sauran ruwan ƙari ya zama osmoz zalla. Na'urar auna gishiri kuma a daidaita ta da ruwan gwaji na 35 ppt, ba da ruwan osmoz ba.

Abdu Yantala:
To ga abin da zan bi. Yau sabon rezin da sikeli, da rufe bokitai. GFO cokali huɗu. Kashi ɗaya cikin uku na dutse zuwa baho. Canjin ruwa kashi 10 duk mako, ina zuƙe dattin ƙasa da cire gansakuka da hannu. Babu binegar sai an samu batir. In tsaya a 0.08.

Hajiya Zainabu:
Ya yi, sai gyara biyu. Kada ka fara GFO da cire dutse a mako ɗaya, idan wani abu ya canja ba za ka san wanne ya jawo ba. Rezin da abinci tukuna, bayan mako GFO, bayan wani makon dutse. Awon kuma a lokaci ɗaya kullum, da safe kafin ciyarwa, a rubuta a littafi.

Sannan ka tanadi abin ɗagawa tun yanzu, domin idan gansakuka da dutse suka huce lambar tana iya faɗuwa fiye da yadda ka so. Giram 1.43 na monopotasiyom fosfat mai tsabta cikin lita ɗaya ta ruwan osmoz: mililita ɗaya daga ciki tana ƙara 0.01 ppm ga lita 100, wato mililita 3 ga tankinka. Idan ka ga 0.03, kashe kwalbar GFO ka ƙara abinci kaɗan. Idan bayan kwana biyu bai hau ba, mililita 6 a rana, ka auna washegari kafin ka ƙara. Kwalbar da aka kashe kuma a zubar da ruwan cikinta kafin a sake kunnawa, kada ruwan da ya tsaya ya koma tanki.